Layi a Zauren Malam Abdulbaƙi

Ni Gwadabe, shekara talatin da huɗu na yi ina tsara lodi a kasuwar Dawanau. Ban yi boko ba, allon ma a izu biyu na tsaya. Na ga buhu ya danne ƙato, na ga mota ta ƙwace da kaya a gangare, amma ban taɓa jin tsoro ba irin na ranar da wani ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannuna ba ya fara ƙyas-ƙyas a zauren yayana.

Yayan nawa, Malam Abdulbaƙi, shekara ashirin da ɗaya ya yi yana tafsiri a masallacin unguwarmu, nan Zaitawa, kowane azumi ana ɗauka a kaset. Da ya rasu, kaset suka cika ɗaki guda, gara ta fara cin kwalayen. 'Yarsa Khadijat, wadda ta karanci kwamfuta, ta zauna wata uku ta kwashe muryar kaf ta zuba a faifan ajiya guda ɗaya. Ta ce a samo na biyu a juya. Ni na ce mata ba gaggawa. Ni ne kuma na ce a binne kaset ɗin a bayan gida, tunda abin da ke da ayar Allah ba a kai shi bola. Faifan na karɓa na kulle a adakata. Shekara shida yana can. Ke nan muryar Malam babu ita a ko'ina a duniya sai a cikin ƙarfen nan, kuma a hannuna take.

Ana saura kwana tara azumi Liman ya ce a fito da karatun a riƙa sakawa. Na ji daɗi, har na yi shela a ƙofar masallaci: duk mai so ya zo da filashinsa bayan La'asar.

Khadijat ta zo daga gidan mijinta, ta shimfiɗa kwamfuta a kan tabarma, ta haɗa tsohon faifai da wani sabo, ta fara juyawa. Ta ce na'ura ta rubuta saura minti arba'in. Sai ga Liman da sandarsa, da filashi a hannu.

"'Yar Malam, ungo. Shekarar ƙarshe nake so, wadda ya yi da rashin lafiya."

Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Alhaji Jibrin mai turare ya miƙo nasa, shi Suratu Yusufa yake so. Wasu dattawa biyu su ma suka miƙo. Ta ɗago ta kalle ni. Na gane kallon sarai, na kau da kai. Wa zai ce wa Liman ya jira? Shi ya raɗa mata suna. Ta soka filashi huɗun duka a wata 'yar na'ura mai baki huɗu, kowa ta fara zuba masa nasa.

Ba a jima ba muka ji ƙyas. Sai kuma ƙyas-ƙyas, kamar ɓera a cikin kwano. Ta kara kunnenta, na ga fuskarta ta sauya.

"Baffa, zo ka ji."

Muka shiga soron ciki. Ta rage murya.

"Minti arba'in ɗin nan ya koma awa goma sha ɗaya. Faifan ya tsufa, Baffa, mutuwa zai yi. Ban sani ba ko yana da awa ɗaya a gaba."

"To me ya rage masa gudu?"

"Allura ɗaya ce a ciki take karanta komai. A cikin kwamfuta kuma akwai mai raba layi, shi yake cewa wane za a yi wa aiki yanzu. Ba ya son ya bar kowa a tsaye, don haka kowa sai ya ɗan taɓa masa. Ya tura allura gefen Liman ta ɗebo kaɗan, ya dawo da ita gefen Alhaji Jibrin, ya mai da ita gefen sabon faifai. Yawo take yi, ba karatu ba. Kuma yawon ne yake ƙarasa ta."

Nan take na ga abin kamar a gabana. Ɗan dako ɗaya, mota biyar, shagunan kuma wani a gabas wani a yamma. Ka ce don adalci ya kai wa kowace mota buhu ɗai-ɗai yana zagayowa. Kafin Azahar ya zube, kuma ba motar da ta cika.

"Me ya hana ki faɗa tun ɗazu?"

"Na kalle ka, Baffa."

Ƙyas-ƙyas ɗin har nan soro muna jin sa. Na tuna ramin bayan gida, na tuna ni na riƙe shebur. In ƙarfen nan ya yi shiru, Malam ya sake mutuwa, kuma wannan karon ni na kashe shi.

Na koma zaure na tsuguna gaban Liman.

"Allah ya gafarta Malam, a sallah kai ne gaba. Yau a nan kai ne ƙarshen layi. Za a tsayar da na kowa."

Alhaji Jibrin ya gyara hula.

"Gwadabe, nan fa ba Dawanau ba ce. Mu ba buhuna ba ne."

"Da buhuna ne ai da na huta, Alhaji. Buhu ba ya cewa shi ya riga zuwa."

Liman ya dube ni. Sannan ya ce, "'Yar Malam, cire nawa tukuna."

Ta tsayar da su ɗaya bayan ɗaya, ta rufe duk wani abu da kwamfutar take yi a gefe, ta bar aiki ɗaya tal: daga tsohon faifai zuwa sabo, daga farko a jere. Ƙarar ta ragu ta koma ɗan gurnani. Ba wanda ya tashi. Alhaji Jibrin da ba ya iya rufe baki ya ciro carbi.

Shekara ta ɗaya ta tafsirin ta wuce cikin sabon faifai. Ta biyar. Ta goma sha biyu. Khadijat tana faɗa, ni ina lanƙwasa yatsu. Can sai ƙyas! Abu ya tsaya cak.

"Allura ta ci karo da wurin da ya lalace, Baffa. Tana ta komawa kansa."

"Tsallake shi," na ce. "Buhun da ya fashe ba a tsayar da lodi a kansa. A kwashe masu lafiya, a dawo a share na ƙasa."

"Haka ma ake yi," in ji ta. Ta tsallake.

Ana kiran Magariba shekara ta ashirin ta shige. Saura ta ƙarshe, wadda Liman ya nema, da ɗan wurin da muka tsallake. Ta tura allura can. Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas. Sai gurnanin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Ta cire wayar faifan ta mayar sau uku. Na ɗora tafina a kan ƙarfen, da ɗuminsa, amma ba motsi.

Bayan mun idar da sallah Liman ya miƙo filashinsa. Ta duba. Abin da ya samu shiga kafin a tsayar, minti goma sha ɗaya ne. Ta kunna. Muryar Malam ta cika zauren, a dashe, yana tari, yana cewa a matsa gaba a ba na waje wuri. Ya fara fassara aya, ya kai tsakiya, sai shiru.

Ban tambayi Khadijat ba ko da mun bi layi tun farko da shekarar nan ta fita. Ta naɗe wayoyinta, ta sa mataccen faifan a hannuna, ta ce, "Sai da safe, Baffa."