Fasinjar da Ba a Sauke Ba

Ba Wilkin ne ya kashe Doña Tomasina ba, kowa a Hato Mayor ya san haka, har waɗanda suka yi gum da bakinsu. Motar rake ce ta fito daga lungun gona, ba ham ba komai, ta daki bayan babur ta wuce abinta. Tsohuwar tana zaune a karkace irin zaman manyan mata, ƙafafu a haɗe, jakar cefane a cinya, hannunta ɗaya a kafaɗar dama ta Wilkin mai tuƙi. Da babur ya yi sama ba ta saki ba. Ta fizge kafaɗar daga gurbinta, ita kuwa kanta ya sami dutse.

Sai da aka yi masa tiyata. Aka sallamo shi hannu rataye a wuya, barci ma sai a zaune. Likita ya ja wa mahaifiyarsa Eduvigis kunne: in an cire ratayar, kullum ya motsa hannun ko da yana hawaye, in ba haka ba kafaɗar za ta sandare, kuma kafaɗar da ta sandare ba ta riƙe kan babur. Da fari yana yi. Yana cije leɓe, gumi na zuba, tana tsaye a kansa tana faɗa.

Sai labari ya iso cewa Radhamés, shugaban 'yan acaɓan bakin kasuwa, ya ɗauki rigar Wilkin ya ba ƙanen matarsa. Rigar nan ruwan lemo mai tambarin ƙungiya ita ce layi, ita ce tuwo. Wanda ba shi da ita ko akuya ba ya ɗauka a bakin kasuwa. Daga ranar Wilkin ya daina motsa hannu. In ta kawo dafaffiyar ayaba da ƙwai sai ya ture, ya ce wa zai gyara wa kafaɗar, tunda an riga an binne shi tare da tsohuwar.

Eduvigis ba mai kuka ba ce. Rana tsaka ta ɗaura ɗankwali ta nufi kasuwa.

Ta sami 'yan acaɓan ƙarƙashin mangwaro, babura a jere, Radhamés a kan benci yana sakace.

"Doña, yau kuma wa za a cinye?" in ji shi, don Doña suke kiran kowace babbar mace.

"Kai. Ina rigar ɗana, ɓarawon zaune?"

Ya yi dariya, ya ce riga ba ta jinya, aiki take yi, kuma mai hannu ɗaya sai dai ya tuƙa baro. Ta ce masa ta san shi tun yana yawo ba wando, majina har baki, kuma ranar da uwarsa ta kwanta ciwo Wilkin ne ya yi ta jigilarta. Ta faɗi abin da ba a faɗa a gaban yara. Samarin suka dara, amma dariyar ba ta yi nisa ba, duk idonsu na kan Melanio, ƙanen matar Radhamés ɗin, wanda ke zaune can gefe shi kaɗai.

Eduvigis ta san shi da ƙiba. Yanzu wuya ya fito, ido ya faɗa. Bai jira a kira shi ba, ya taso yana kiciniyar cire rigar kamar ta kama da wuta.

"Ungo, Doña. Don Allah ungo."

Ta ƙi miƙa hannu. Abin da aka ƙwace da ƙarfi ba a mayar da shi da roƙo sai da dalili. Ta ce ya faɗi.

Murya ƙasa-ƙasa ya faɗa. Tun ranar da ya sa rigar, in ya hau babur sai bayan ya lotsa kamar an zauna. Ƙamshin busasshen kifi da ganyen miya ba ya barinsa. A kowace kwana sai ya ji yatsu sun matse kafaɗarsa ta dama. Abin da ya fi kashe masa jiki, mutane sun daina tsayar da shi a hanya. Ya tambayi wata mata dalili, ta ce ai ta gan shi da fasinja.

Wani tsohon ɗan acaɓa da ke gyaran sarƙa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, fasinja ba ya sanin fuskar mai babur, bayansa kawai yake gani. Rigar kawai tsohuwar ta sani. Ta hau, ba a sauke ta ba.

Eduvigis ta dubi rigar. In ta bar ta, ɗanta ya sandare a kujera. In ta kai ta gida haka, ta kai masa hannun da ya riga ya ɓalle shi sau ɗaya, a kan ɗinkin da bai gama kamawa ba. Ta san inda Tomasina za ta ranar, Wilkin ya sha faɗa cikin zafin ciwo: gidan 'yarta Yudelka a bayan ƙaramar coci, wadda ta haihu. Ta ce cikinsu wa zai sa rigar ya kai matar nan. Kowa ya sami abin dubawa a tayarsa. Radhamés ya ce shi bai yarda da tatsuniya ba, amma ya ja da baya har benci ya kife.

"Maza ke nan," ta ce. "Sai a kan mai hannu ɗaya."

Ta zura rigar a kan tufafinta ta kama hanya a ƙasa.

Masu shago suka fara tsokana, wani ya ce Doña nawa ne zuwa gada. Kafin ta fita daga kasuwar an daina. Wata mai kayan miya ta yi alamar gicciye. Eduvigis ba ta waiwaya ba, don ta riga ta ji: tafin hannu ƙarami, busasshe, mai sanyi duk da ranar nan, ya sauka a kafaɗarta a hankali, kamar mai neman izini.

Hanyar ta ratsa gonakin rake. Ba iska, ba tsuntsu, sai ƙarar silifas ɗinta. Nauyin yana ƙaruwa. Da ta doshi lungun da motar ta fito, inda aka kafa ɗan gicciye, yatsun suka nutse har ƙashi.

"Sassauta, 'yar'uwa," ta ce tana haki. "Kafaɗa ɗaya kika riga kika ci a gidana, ta isa. Ba mu muka buge ki ba. Mai motar yana can yana cin shinkafarsa, shi ya kamata ki riƙe. Ni kai ki zan yi."

Riƙon bai saki ba, amma ya daina nutsewa.

Ta sami Yudelka a baranda tana shayar da jariri, kusa da ita kujerar lilo babu kowa. Matar ta ga rigar, ta kafe ta da ido. Eduvigis ta tsaya a bakin matakala, ta ɗan karkata gefe yadda masu babur ke yi in mace za ta sauka.

"Mun iso, Doña."

Sai ta ji kafaɗarta wayam, har ta yi taga-taga. Katakon matakala ya yi ƙara, na sama da shi ma ya yi. Kujerar ta soma lilo. Jaririn ya saki nono ya juya kai yana kallon wajen. Yudelka, hawaye na zuba, ta gyara zama ta juyo da fuskar yaron sosai wajen kujerar.

Eduvigis ba ta tsaya shan kofi ba. A gida ta ɗauko guduma, ta hau kujera, ta buga ƙusa can sama da ƙofa ta rataye rigar. Wilkin yana kallonta.

"Mama, miƙo min."

"Da hannun dama za ka ɗauko, ranar da ya kai. Ni na yi nawa."

Ta shige ɗaki ta zame wuyan riga a gaban madubi. Shatin yatsu ne baƙi ƙirin a kafaɗarta. Daga waje ta ji kujera ta motsa, sannan numfashin Wilkin yana cije baki, yana ƙoƙarin ɗaga hannun.