Maraƙar Darryl da Hannun Mama

Ni ba mutum ba ne mai yawon shaƙatawa. Tankar madara nake ja, kullum ina cikin gonakin shanun yankin Leongatha, ba abin da ke burge ni a cikinsu. Amma ranar Lahadin nan sai da na saka Mama a mota na kai ta gonar Darryl Hoogenboom, don dabara ta ƙare mini.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kashe mata hannun dama, Mama ta saki komai. Matar da ta tatsi shanu tun tana yarinya har ranar da muka sayar da gonarmu, ta koma zaman keken marasa lafiya tana kallon bango. Ka kawo abinci ta ce ajiye. Ka yi magana ta ce to. Yayata Glenys ta samo mata gurbi a gidan kula da tsofaffi, ta ce Litinin za a kai ta, tunda ba na wuni a gida, ita kuma Mama ba ruwanta da inda aka ajiye ta. Na ce da ruwanta. Glenys ta ce in Mama ta buɗe baki da kanta ta ce ba ta zuwa, magana ta mutu. Da muka tambaye ta, cewa ta yi mu yi yadda muka ga dama.

Agusta ce, tsakiyar hunturu a wajenmu, sanyi na cin ƙashi, shanu na ta haihuwa. Darryl ya tare mu da takalman roba, kashin shanu har gwiwa. Ya ce ashe direbobin tanka ma uwa ce ke haifarsu, shi ya ɗauka daga gareji ake fito da mu. Na ce ya fara wanka tukuna sai mu yi maganar asali. Matarsa Sharyn ta kawo shayi da burodi mai zafi, ta lafta masa man shanunsu har yana zuba. Na ci nawa, na ci na Mama.

Na tura kekenta rumfar tatsa lokacin da garken ke shigowa tatsar yamma, kowace saniya na bin wurin da ta saba tsayawa, tururi na tashi daga bayansu. Ni kaina sai da warin nan ya tuna mini gida. Mama ta duba, ta kau da kai. Na ce a raina shi ke nan, Glenys ta yi nasara.

Muna kan hanyar komawa mota muka bi ta ɗakin maruƙa. A lungu akwai wata 'yar maraƙa ja, cikinta ya lotsa. Darryl ya ce 'yar saniyarsa ce da ta fi kowace madara, amma tun jiya ta ƙi kan nonon roba, ta ƙi bokiti, in ta ci gaba a haka ba za ta kai labari ba. Ni kuma da karambani na ce ya ba ni wuri. Na cafki kanta na danna cikin bokitin. Ta yi atishawa, ta fesa mini madara har cikin kunne.

"Merv, kai jaki ne?"

Na waiwaya. Mama ce. Rabon da in ji ta haɗa magana haka tun kafin ciwon.

"Wa ya koya maka wannan? Nutsar da ita za ka yi? Maraƙi sama yake neman nono, ba ƙasa ba. Matso da ni."

Na matso da ita. Ta sa yatsan hagu a bokitin, ta ce madarar ta huce, ko kare ba zai sha ba. Sharyn ta ruga ta ɗumamo. Mama ta sa na ja maraƙar da baya har gindinta ya tokari lungu, na haɗa wuyanta tsakanin gwiwoyina kamar mai hawan doki. Darryl na riƙe da bokiti yana dariya, ta ce ya rufe baki ya ɗaga bokitin sama.

Sai aiki ya tsaya. Ana bukatar hannu ɗaya a bisa kan maraƙar, ɗaya a bakinta, ita kuwa ɗaya ke gare ta. Na ce bari in sa nawa. Ta ce yatsuna warin man dizal suke. Ta dubi hannunta na dama da ke kwance a cinya, ta daɗe tana dubansa.

"Ɗauki wannan ka tsoma."

Sharyn ce ta ɗaga shi ta tsoma a madara, ta kai yatsun bakin maraƙar. Maraƙar ta kau da kai. Aka sake tsomawa. Ta sansana, ta lasa, sai ta kama da ƙarfi har keken ya motsa. Mama ta dafa kan maraƙar da hagu tana sauke shi a hankali, Sharyn na bin ta da hannun Mama na dama, har bakin ya taɓa madarar. Sai muka ji ƙarar zuƙa. Wutsiya ta shiga kaɗawa.

"Ina jin harshenta," in ji Mama. Ba ta kalli kowa ba. "Kamar takardar goge katako."

Sai maraƙar ta zabura ta kai mini karo a inda ba a faɗa. Mama ta yi dariya har da tari. Kafin in miƙe an shanye bokitin tas.

Daga nan ta hau Darryl da faɗa. Ciyawar shimfiɗa ta jiƙe, iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ga wani maraƙin can yana zawo ba wanda ya lura. Darryl ya ce hannu huɗu gare su shi da Sharyn, shanu kuma ba sa shawara kafin su haihu. Mama ta ce wannan maraƙar dai kada kowa ya taɓa ta, sai ta saba tukuna. Sharyn ta ce za ta riƙa zuwa ɗaukar Mama da safe in an gama tatsa. Mama ta ce kada ta makara, kuma a ƙaro burodi, tunda wani ya cinye nata.

Tana ci na kira Glenys, na ce ga Mama. Na kanga mata wayar a kunne.

"Glenys, Litinin ba inda za ni. Ina da maraƙa."

Na ji Glenys na tambayar wace irin maraƙa kuma. Mama ta ture wayar da haɓa, ta ce in kashe, in je in wanke bokitin da ruwan zafi.