Furen da Baba Modu Ya Tsinto a Juji

"Ƙara huda shi, Lami," in ji Baba Modu daga kan tabarma. "Saiwar nan iska take sha."

Ina durƙushe a tsakar gidansa da ɗanyen kasko a hannuna. Tun ina yarinya a Mirriya nake ginin tukwane, ba wanda ya taɓa sa ni huda abin da na gina sai shi.

Katanga ɗaya ta raba mu a Birni. Shekara shida Baba Modu ya yi yana yi wa kumandan, annasaran da ke mulkin garin, aikin lambu. Matar kumandan ta zo da wasu furanni daga bakin teku, orkide take ce musu. Ta cusa su cikin ƙasa, tana ɗura musu ruwa safe da yamma har suka fara ruɓewa. Wanda ya fi lalacewa ta ce a zubar. Baba Modu ya tsinto shi a juji, ya yanke baƙaƙen saiwoyin, ya ɗora sauran kan gawayi da ɓawon gawo cikin wani tsohon kasko da ya huda, ya rataye a inuwa bisa randa.

A daminar da tari ya kwantar da shi, abin ya yi fure bakwai, farare tas. Labari ya kai bariki.

Wata Laraba da hantsi sai ga kumandan da kansa, da tafintansa Alkasum. Na san waɗanda aka yi wa bulala a kan abin da bai kai wannan ba.

"Baba, ya ce kayan gidansa ne," in ji Alkasum, idonsa a ƙasa.

"Gaya masa nasa ya mutu a juji. Wannan ni na raine shi."

Alkasum ya fassara. Kumandan ya matso, ya leƙa saiwoyin da suka fito ta hudojin tsohon kaskon, masu kauri kamar yatsa. Ya daɗe yana kallo. Ya yi magana a hankali.

"Yana tambaya yaya aka yi."

"To, ya zauna. Ba a koyon abu a tsaye."

Da idona na ga annasara ya cire hula ya zauna bakin tabarma. Baba Modu, yana tari yana hutawa, ya koya masa: in saiwa ta yi fari kamar toka, a ba ta ruwa, in ta yi kore, a ƙyale ta. Kumandan ya tafi hannu wofi.

Ran Asabar Allah ya yi wa Baba Modu rasuwa.

Ranar sadakar uku Alkasum ya yi gaisuwa, ya kira ni gefe, ya miƙo mini ƙunshi cikin zane.

"Matar kumandan ta aiko. Na ƙarshen furanninta ne. Ta ce ko akwai wanda ya iya."

Na kwance zanen a kan cinyata. Saiwoyin baƙi ƙirin, suna wari. Na ɗauko wuƙa ina cire su ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasa, yatsana ya taɓo wata guda, gajeriya, mai tauri, ba ta ruɓe ba.