Ɗigon Allon Tsoho Kuang

Shekara ashirin da shida Fasto Halvorsen ya yi a wani gari na lardin Hunan, kuma in za a faɗi gaskiya, ya fi sanin ɗakunan bautar garin fiye da cocin da aka turo shi ya riƙe. Ya san mai share kowanne, ya san ranar da ake fito da gunkin gari a zaga da shi, duk yana rubutawa littafi bayan littafi. 'Yan'uwansa 'yan mishan suka ce rigarsa ƙaurin turaren gumaka take yi, suka daina kiransa cin abinci. Mutanen gari kuwa sukan gaishe shi da Malam Ha, su amsa tambayoyinsa, amma ba mai ce masa shigo ciki. Tun da matarsa ta rasu, mutum ɗaya ya rage masa, Tsoho Kuang mai kula da ɗakin gunkin gari.

Kullum da hantsi suna shan shayi a bakin ƙofa, Kuang na tsokanarsa.

"Malam Ha, ka zo raba mu da gumakanmu, ga shi ka fi mu sanin sunayensu."

"Yaya Kuang, so nake in san su kafin in sallame su."

"Da wannan nawar taka, su za su sallame ka."

Wata rana Kuang ya fito da wani ɗan allo naɗe a ƙyalle, ya ajiye tsakanin kofunan. Allon kakanni ne, an sassaƙa sunan Kuang a jiki. Harafin ƙarshe an bar shi da gangan babu ɗigo a kansa. Ranar jana'iza ake gayyato mai ilimi ya ɗiga shi da jan tawada kafin a rufe kabari, sannan ran mamaci ya sami wurin zama. In ba a ɗiga ba, rai ya yi ta gararamba ke nan babu masauki.

"Ba ni da ɗa, ba ni da jika," in ji Kuang. "Manyan malaman gari ba za su taso saboda mai shara ba. Kai kaɗai ne mai ilimin da ke shan shayina. Shafi nawa ka rubuta a kan ɗigon nan?"

"Arba'in."

"To ɗigo ɗaya nake roƙo."

Halvorsen ya dubi allon. In ya ɗiga, labari zai kai coci, kuma shi kansa bai san abin da zai gaya wa Ubangijinsa ba.

"Bari in yi tunani, Yaya."

Kuang ya yi murmushi, ya naɗe allonsa, ya ƙara masa shayi, ya shiga zancen damina. Abin takaici, mutumin da ya haddace sunayen gumaka ɗari uku ya manta cewa a garin nan, "bari in yi tunani" ita ce a'ar mutanen kirki.

Shi kuwa da gaske tunanin yake nufi. Ya hau dutse zuwa wani gidan sufaye da ya daɗe yana son bincika, ya yi kwana goma sha tara yana addu'a fiye da rubutu. A ƙarshe ya yanke cewa Allah ya san zuciyar mai riƙe alƙalami. A hanyar dawowa ya sayi jan tawada, yana ta sauri kamar mai kai albishir.

A bakin ƙofar ɗakin gunkin ya tarar da wani magidanci mai suna Tan yana shara.

"Malam Ha ne? Ai tsohon yau kwanansa tara a ƙasa."

"Me ya sa ba a aiko mini ba?"

"Shi ya hana. Ya ce ka riga ka ba shi amsa cikin mutunci, kada a sake sa ka jin kunya."

Halvorsen ya zauna a kan dakali. Ya ce ko yanzu zai iya ɗigawa. Tan ya girgiza kai, ya ce bayan an rufe kabari ai ran ya riga ya wuce, wa za a kira ya shiga?

Sannan ya leƙa ciki ya fito da allon, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Na ji kana tara irin waɗannan don bincikenka. Ka tafi da shi, Malam. Katako ne kawai, babu kowa a ciki."