Injin Niƙan Gahawa na Naira Shida

Malam Yuguda ya yi wata uku a Italiya a shekarar 1974, lokacin da ma'aikatar gona ta tura shi kwas a kan gyaran tarakta. Ya dawo Gombe da takardar shaida, da kwat mai ruwan toka, da wata 'yar tukunyar gahawa ta alminiyam mai kusurwa takwas. Takardar ta shige akwati. Kwat ɗin zafin Gombe ya hana shi sawa. Tukunyar kuwa ta hau saman kabad a falo, inda duk mai shigowa zai fara ganin ta.

Tun daga nan majalisarsu ta gindin dogon yaro a unguwar Madaki ba ta sake hutawa ba. Ko ana zancen farashin auduga, sai ya san yadda ya karkato da hirar zuwa esfireso, wato gahawar Italiyawa mai kauri da ake sha a ɗan mitsitsin kofi. Ya ce shayin da suke sha ruwan wankin kwano ne. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne sau biyu tak ya taɓa riƙe kofin esfireso. Na farko ya haɗiye shi ne don idon mutane. Na biyu ya juye shi a tukunyar furanni.

Hudu, taubashinsa, tela ne mai baki, shi ya laƙaba masa suna Ɗan Italiya. Wata ranar Talata ya ajiye carbi ya ce, "Ɗan Italiya, shekara guda ke nan muna shan gahawar nan da kunne. Ran Asabar bayan la'asar za mu zo mu sha da baki. In babu, tukunyar nan ka ba ni in riƙa zuba allura."

Aka yi dariya. Yuguda ya ce Allah ya kai mu, cikin muryar mutumin da ya daɗe yana jiran a tambaye shi.

'Ya'yan gahawa ba su zama matsala ba. Isaiah, direban ofishinsu, ya taɓa kawo masa mudu guda daga Mambila, soyayyu, suna nan cikin gwangwani ba a taɓa su ba. Niƙan ne aiki. Takardar bayanin da ta zo da tukunyar ta nuna garin ya zama mai laushi kamar gishirin tebur. In ya yi tsaki-tsaki ruwa ya wuce salam, in ya yi laushin fulawa tukunya ta toshe.

Ran Laraba matarsa Jamilatu ta daka masa hannu biyu a turmi. Garin ya fito rabi ƙura rabi tsaki, ga ƙamshin daddawa ya bi shi.

"Turmina ke nan, Malam," in ji ta. "Shekara tara yana dakan kayan miya, bai je kwas ba."

Ran Alhamis ya ɗauki rabin gwangwanin a babur ɗinsa Vespa ya tafi unguwar Herwagana, wurin Dokas mai injin niƙa. Ya tsaya a layi da kaftaninsa a tsakiyar mata masu kwanukan dawa da masara, yana duba agogo don a san ma'aikaci ne. Dokas ta leƙa gwangwanin.

"Malam, wannan wane irin wake ne ya ƙone haka?"

Ya yi mata bayani har da sunan garin da ya zauna a Italiya. Ta ce to, ta juye. Garin ya fito da laushi daidai, har ya fara jin daɗi. Sai da ya dafa a gida ya kurɓa ya gano abin da injin ya niƙa kafin nasa. Busasshen barkono ne. Ya yi atishawa har rawaninsa na fita ofis, wanda ke rataye a ƙusa, ya ga kamar yana motsi. Jamilatu ta miƙo masa ruwa, kuma kallon da ta yi masa ya fi barkonon yaji.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya nufi kantin Ernest, wani dattijo da ya yi shekara ashirin yana kuku a gidajen Turawan kamfanin auduga kafin ya buɗe shagon kayan kicin. Injin niƙan gahawa iri biyu ne a shagon. Ɗaya na lantarki, fari ƙal, naira talatin da takwas. Ɗayan ɗan akwatin katako ne mai hannun juyawa da 'yar aljihun tara gari, naira shida. Kuɗin Udoji kuwa, ƙarin albashin da gwamnati ta biya ma'aikata, Vespa ta riga ta cinye su.

Yuguda ya ɗauki farin yana juya shi. Ya hango shi a kan kabad kusa da tukunyar, ya hango fuskar Hudu.

"Oga, ajiye wannan," in ji Ernest. "Wuƙa ce a ciki, sara take yi, ba niƙa ba. Gari ɗaya laushi uku. Kuma in an ɗauke wuta sai ka zauna kana kallon sa."

Ya buɗe na katakon ya nuna masa haƙoran ƙarfe biyu masu haɗuwa, da wani noti a ƙasa. "Ka ɗaure nan, gari ya yi laushi. Ka sassauta, ya yi tsaki. Ɗaure shi ƙarshe, sannan ka dawo baya kaɗan. Shi ke nan esfireso."

"Na sani," in ji Yuguda, wanda bai sani ba.

Ya biya naira shida. A hanya ya shirya abin da zai faɗa: ƙwararru ba sa amfani da na lantarki. Kafin ya kai Madaki shi kansa ya yarda cewa ilimi ne ya zaɓa masa, ba aljihu ba.

Abin da Ernest bai faɗa ba shi ne tukunyar kofi uku take cikawa, kuma niƙan tukunya ɗaya minti ashirin ne. Baƙi shida ne. Ran Asabar tun azahar Yuguda na zaune a tsakar gida da singileti, akwatin a tsakanin gwiwoyinsa, yana juyi yana gumi. Jamilatu ta wuce da tsintsiya ta ce, "Ashe a Italiya maza ne ke niƙa. Ƙasar kirki."

Bayan la'asar aka hallara. Tukunya ta yi gurnani a kan risho har sau uku, ƙamshi ya cika falon, gahawa ta fito baƙa wuluk da ɗan kumfa a sama. Wannan karon babu daddawa, babu barkono. Mutum biyar suka kurɓa, suka ajiye kofi a hankali, suka ce madalla. Alhaji Bawa, ɗaya daga cikinsu, ya tambaya ko da sauran ruwan sanyi a randa.

Yuguda ya ɗaga nasa. Ɗacin da ya baro a Italiya ya same shi a nan, bai ragu ko kaɗan ba. Babu tukunyar furanni a falon. Ya haɗiye, ya lumshe ido, ya ce, "Haka ake yin ta."

Hudu ya ɗauki kofi. Ya shanye nasa, ya leƙa gindin kofin, ya jawo na Alhaji Bawa ya shanye, sannan ya jawo na kusa da shi.

"Wallahi, Ɗan Italiya, na janye maganata," ya ce. "Wannan abu ne. Ji nake kamar in ɗinka riga goma yanzu. Duk Asabar ina nan tafe. Amma tare za mu sha, don ba na sha ni kaɗai a gaban gwani."

Majalisa ta tabbatar da sunan, yanzu ba da zolaya ba. Yuguda ya yi murmushin wanda ya ci nasara, yana murza kafaɗarsa ta dama.

Ran Litinin da safe, kafin a fita aiki, ya sami Isaiah yana goge mota. Ya tambaye shi yaushe zai sake hawa Mambila, ya ce ya taho da mudu biyu. Da direban ya juya, sai ya ƙara da cewa, cikin ƙaramar murya, in ya ga sukari mai ƙwaya a hanya ya haɗo da kwali guda.