Kwamitin Duba Marayu

Baryalai yana kan rufin motarsa yana ɗaure wata fankar sama da igiya lokacin da Lala Sherin ya iso, riƙe da hannun wani tsoho kamar wanda ya kamo ɓarawo.

"Halifa! Sauko da fankar nan. Masu ita sun hau tirelar Kunduz tun ɗazu."

"Shi ne ba a faɗa min ba sai da na gama ɗauri?"

"Ɗaurin naka ne yake ba mu sha'awa."

Lala Sherin mai sayar da yadi ne a kasuwar Jalalabad, shi ne kuma shugaban kwamitin 'yan kasuwa da ke tura motoci kan iyakar Torkham, su kwashi mutanen da aka koro daga Pakistan su kai su garuruwansu kyauta. Ba wanda ya zaɓe shi shugaba, ya dai fi kowa murya. Baryalai kuwa tsohuwar hayis gare shi, yana lodi da ita sauran ranakun mako, Alhamis ce ya bar wa Allah. Kamar kowane direba a ƙasar, Halifa ake ce masa, har da matarsa in ranta ya ɓaci.

"Wannan Baba Zargul ne," in ji Lala Sherin. "Ga jikokinsa nan, marayu ne. Shinkalai za ka kai su."

"Ina ne Shinkalai?"

"Shi ya sani, ai garinsu ne."

Baryalai ya dubi tsohon. "Baba, yaushe rabonka da garin?"

"Tun shigowar Rasha," in ji tsohon, ya yi tari mai tsawo a cikin gefen rawaninsa.

Lala Sherin ya ja Baryalai gefe, ya rage murya, wato ya koma magana irin ta sauran mutane. "Ka sauke su, ka sha shayi kofi ɗaya, ka juyo. Kada ka tsoma baki a maganar dangi. Direba ne kai, ba alƙali ba."

Kayan ba su da yawa: katifa biyu, tukunyar gas, buhun tufafi. Yarinyar, Wajma, ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, ita ce ta tsaya tana nuna inda za a sa kowane. Da Baryalai ya kai hannu zai ɗauki wata leda da ke hammatarta, sai ta ja baya.

"Maganin Baba ne. Ba a ɗora shi a rana."

Ƙanenta Atal, ɗan shekara biyar ko shida, ya manna fuska a gilashi tun da suka bar sansanin kan iyakar. Can ya ce, "Halifa, nan ce Afganistan ɗin?"

"Ita ce."

"Duwatsu ne kawai."

"A'a, akwai ramuka a gaba."

A hanya tsohon ya ba da labarin a taƙaice, kamar mai karanta labarin wasu. Uban yaran, ɗansa, ya faɗo daga saman gini a Peshawar. Uwar ta bi shi bayan shekara, ciwon ƙoda. Su ukun suka rage a ɗaki ɗaya, har ranar da aka ce kowa ya tattara ya koma inda ya fito. Yaran ba su taɓa fitowa daga ko'ina ba, amma aka haɗa da su.

Da rana ta take, suka tsaya a wani shagon shayi a bakin hanya. Aka kawo gurasa mai zafi, da wake, da albasa, da koren shayi. Baba Zargul ya ci loma biyu ya tashi alwala. Yana ba da baya Wajma ta matso.

"Halifa, zan faɗa maka wata magana, amma kada ka faɗa wa Baba."

"Ina ji."

"Likitan Peshawar ya ce da wuya ya wuce sanyin bana. Ciwon ya cinye huhun. Ni aka faɗa wa, don an ce a kira babban gida, ni ce kuma babbar." Ta gutsuri gurasa ta tsoma a wake ta miƙa wa Atal, ba ta dube shi ba. "Shi yana ganin tari ne kawai. Ka rage gudu a kan ramuka."

"To," in ji Baryalai.

Tsohon ya idar da salla ya dawo. Atal ya ce fitsari yake ji, Wajma ta ja shi bayan shagon. Baba Zargul ya bi su da ido har suka ɓace, sannan ya dafa gwiwar Baryalai.

"Ɗana, kai mutum ne mai riƙe magana?"

"Yau dai ina ta gwadawa."

"Tawa ta ƙare. Na ji a jikina, na kuma ga fuskar likita. Yarinyar nan ba ta sani ba, tana ta ɗura min magani tana jiran in warke. Kada ka nuna mata. Ta binne mutum biyu, ya ishe ta."

Baryalai ya dubi kofinsa. Ya ce, "To."

Neman Shinkalai ya ci sauran ranar. Baba Zargul ya ce a bar kwalta a daidai wata ƙatuwar bishiya mai injin niƙa a gindinta. Suka wuce, suka dawo, suka sake wucewa. Babu bishiya, babu inji. Gidan mai ne a wajen, da shagon sayar da waya. Mai ba da man bai taɓa jin sunan garin ba. Mai shagon waya ya ji, amma a tsammaninsa a wani lardi yake. A ƙarshe wani makiyayi mai farin gemu ya nuna musu hanyar ƙasa da sandarsa, ya kuma tambayi tsohon ko ɗan wane ne shi.

"Ɗan Mirza Gul."

"Ai an ce duk kun mutu."

"Saura kaɗan," in ji Baba Zargul.

Garin yana nan, a gindin tsauni, gonakin alkama kewaye da shi. Gidan da tsohon ya nuna ya zama katanga doguwa mai ƙofar ƙarfe shuɗiya. Mai gidan, Haji Torialai, ɗan wan Baba Zargul ne, yana goye lokacin da baffan nasa ya bar gari. Ya fito ya rungumi tsohon, ya sumbaci hannunsa, ya yi kuka daidai gwargwado. Duk wannan lokacin idonsa yana kan katifun da ke saman mota.

Aka shigar da Wajma cikin gida wajen mata. Maza suka zauna a ɗakin baƙi, Atal ya lafe a jikin kakansa. Samari biyu, 'ya'yan Haji, suka tsaya a bakin ƙofa hannu a ƙirji. Aka kawo shayi da alewa. Aka tambayi lafiya, aka tambayi hanya, aka lissafa waɗanda suka mutu, aka yi musu addu'a. Baryalai ya shanye kofinsa na ɗaya. Aka sake cika masa. Ya dubi kofin, ya dubi ƙofa, ya ɗauka.

Haji Torialai ne ya gaji da kewaye-kewaye. "Baffa, gidanka ne nan. Sai dai ka san yadda ƙasa ta zama. Gonar nan, mahaifina ne ya tsare ta lokacin yaƙi, shi ya haƙa rijiya, mu kuma yanzu mun yi yawa..."

"Ƙasa nake so," in ji tsohon.

Samarin bakin ƙofa suka gyara tsayuwa.

"Tsawona, da faɗin kafaɗata. Kusa da babana in akwai wuri. Ba zan daɗe ina jira ba."

Fuskar Haji ta saki kafin ya ankara, sai ya yi maza ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ƙara wa Baffa tsawon rai.

"Rabona na gonar na bar maka, ga baƙo nan shaida," in ji Baba Zargul. "Yaran nan za ka riƙe min."

"Ai wannan ba sai an roƙe ni ba. Jinina ne." Haji ya shafa kan Atal. "Namijin zai zauna a nan cikin 'yan'uwansa. Ita macen, akwai ƙanwata a Lagman, ƙafa ta hana ta sakat, ba ta da mai taimaka mata. Can za ta fi jin daɗi."

"Tare nake so su zauna."

"Baffa, gidan ya cika da mata. Lagman ɗin ai ba Pakistan ba ce, da Salla za su riƙa haɗuwa."

Tsohon ya buɗe baki, tari ya riga maganar fitowa. Ya daɗe yana yi. Ya riga ya ba da gonar, babu sauran abin ciniki a hannunsa, kowa a ɗakin kuma ya san haka. Atal ya ɗago kai ya ce, "Wajma za ta je ina?"

Baryalai ya ajiye kofi. Shi ba mai magana ba ne a gaban manya, ya kuma ji muryarsa ta fito kamar ta wani.

"Haji Sahib, kada in yi shisshigi. Sai dai gara in faɗa tun yanzu, don kada 'yan kwamiti su zo su ga ba haka ba."

"Wane kwamiti?"

"Na duba marayu. Duk maraya da muka sauke, ana zuwa duba shi wata-wata. Manyan 'yan kasuwar Jalalabad ne, da malamai. Gidan da ya riƙe yaya da ƙane tare, ana kawo masa buhun fulawa da man girki. In kuma an tarar an raba su..." Ya tsaya, don bai tanadi ƙarshen maganar ba.

"Sai a yi yaya?"

"Sai dai a yi ta maganar a kasuwa. Ka san 'yan kasuwa. Su ce gidan wane, jikan Mirza Gul, an ba shi gona ya kasa riƙe yarinya ɗaya. Ni dai direba ne, ban san komai ba."

Haji Torialai ya daɗe yana jan carbi. Ya dubi 'ya'yansa, su kuma suka dubi rufi. Can ya yi dariya ya buɗe hannuwa.

"Halifa, kai ma ka ɗauki magana da nauyi. Shawara ce na kawo. Marayu biyu, a raba su? A gidan nan? Ba don fulawarku ba, wallahi. Mu da muke noma alkama." Ya kurɓi shayi. "Farkon wata suke zuwa ko ƙarshe?"

"Farko," in ji Baryalai.

Samarin suka sauke katifun. Baba Zargul ya rako Baryalai har bakin ƙofar ƙarfen, yana dafa bango. Ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya dube shi da kyau.

"Kwamitin nan naku, Allah ya yi masa albarka. Mutum nawa ne a ciki?"

"Ana dai ƙaruwa, Baba."

"Haka na zata." Tsohon ya saki hannun. "Yarinyar fa?"

"Ban faɗa mata komai ba."

Ya tayar da mota ke nan sai ga Wajma ta fito da gudu, an riga an yafa mata wani babban mayafi da ke jan ƙasa. Ta ce tukunyar gas ta zo dubawa ko an sauke. An sauke, tana gani. Ta tsaya a jikin tagarsa.

"Matan sun ce da Lagman za a kai ni, yanzu kuma an fasa."

"Haka na ji."

"Sun ce wai za a riƙa zuwa duba mu."

"Za a zo."

"Kai ne za ka kawo su?"

"Ni na san hanya."

Ta gyaɗa kai. Ta waiga wajen kakanta, wanda ya samu dutse ya zauna yana kallon tsaunin. "Bai gane ba ko?"

"Ban faɗa masa komai ba."

"Yauwa," in ji ta. Ta tattara mayafin ta koma.

Sai da ya hau kwalta, a daidai gidan man, wayarsa ta samu sabis. Nan take ta yi ƙara.

"Halifa! Kana ina? Tun la'asar nake nemanka! Ko ka kai su Rasha ne?"

"Ina hanya. Lala, tambaya gare ni. Kwamitinmu yana zuwa duba marayu wata-wata? Da fulawa da mai?"

"Wace fulawa? Mu da ko man mota da ƙyar muke haɗawa! Wa ya faɗa maka wannan shirmen?"

"Ni na faɗa. A gaban mutane."

Lala Sherin ya yi shiru, abin da Baryalai bai taɓa ji ba. Sai hayaniyar sansanin a bayansa, da kukan wani jariri.

"Mutum nawa suka ji?"

"Mai gida da 'ya'yansa. Zuwa yanzu dai duk garin."

Lala Sherin ya yi tsaki mai tsawo. "Yaushe ka ce musu za mu zo?"

"Farkon wata. Na ce da manyan 'yan kasuwa, da malamai."

"Babban ɗan kasuwa ai ga ni. Malamin kuma kai za ka nemo, tunda kai ka iya ƙarya. Ka wanke motar nan kafin ranar. Kwamiti ba ya zuwa da datti."