Haramin Malam Abdulrazak

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Malam Abdulrazak, duniyarsa ta koma taga ɗaya a gidansu na unguwar Jarwal a Makka. Shekara talatin yana shuka furen bisilla, mai yaɗo kamar wake, a gwangwanayen madara duk lokacin sanyi, bana kuwa sai matarsa Yalwa ta shuka masa a gindin tagar. Daga gadonsa ba ya hango ƙasa. Dole furen ya hau ya leƙo kafin zafi ya dawo, zafin Makka kuwa ba ya jiran kowa.

Haifa, matar ɗansu, ta sayo ragar ƙarfe mai ƙyalli daga kasuwar Aziziyya, ta kafa wa shukar don ta hau, da murnarta. Kwana uku rana ta gasa ƙarfen, 'yan hannayen da bisillar ke kamawa da su suka ƙone, shukar ta zube kamar wanki ya faɗo daga igiya.

"Wallahi ya Ummi, ban sani ba," in ji Haifa, idonta taf da hawaye.

"Halas, ya wuce, share hawayenki," Yalwa ta ce.

Shi Malam bai taɓa ɗaura shuka da ƙarfe ba. Tsofaffin haramin da alhazai ke bari a masaukin da ya yi gadi yake tsintowa, ya yayyaga sili-sili, don auduga ba ta zafi kuma ba ta yanka kara. Yanzu babu gadi, babu tsintuwa.

"Buɗe akwatina," ya ce da harshensa mai nauyi. "Akwai nawa."

Yalwa ta san shi sarai. Haramin da ya yi hajjin fari da shi ne, ya wanke da zamzam, ya ajiye don likkafaninsa. Ta yi masa tas, ta ce tsufa ya fara taɓa masa kai. Ta kama shara, ta share inda ta riga ta share. Mutumin nan dai kallon tagar kawai yake, tausayinsa kuma ya hana ta sakat. Da la'asar ta ɗauko almakashi.

Ta kafa sandunan tsintsiya, ta ja farin zane daga gwangwani zuwa saman taga, ta ɗaura kowane kara sako-sako yadda Malam yake yi. Kullum da hantsi sai ta auna da taƙi ta shigo ta ba shi labari, wani lokacin har da ƙari.

Wata safiya ƙamshi ya riga ta shiga ɗakin. Fure uku, ruwan hoda, sun leƙo ta tagar. Malam ya daɗe yana kallonsu, sannan ya dubi guntun haramin da ya rage a kan akwati.

"Yalwa, wannan ai ba zai rufe ni ba."

"Na sani," ta ce, tana gyara masa matashi, ta kawar da fuska don kada ya ga idonta. "Da gangan na yanka da yawa. Sai ka jira in samo wani, ni kuwa ba sauri nake ba."